Mudun Kumazo Mai Rabon Shinkafa

A garinmu na Nagisawa har gobe akwai masu rantsuwa cewa Kumazo mai rabon shinkafa ya taɓa yin tafiyar kwana biyu a ƙasa, cikin dusar ƙanƙara, don ya mayar wa wata tsohuwa ƙwayar shinkafa guda ɗaya da ta maƙale masa a gira. Wasu ma suna ƙarawa da cewa da ya isa sai ya tarar ƙwayar ta tsage a hanya, ya durƙusa yana neman gafara a kan rabin da ya ɓata. To ni ɗan kawunsa ne, abokin wasansa, tare muka sha duka muna yara, don haka bari in gyara zancen. Ba ƙwayar shinkafa ba ce, lema ce. Ba tafiyar kwana biyu ba ce, gida na uku ne daga nasu. Kuma ba da son ransa ya kai ba, sai da matarsa Otake ta yi kwana huɗu tana yi masa mita. Girar ce kaɗai gaskiya a labarin, don girar Kumazo za ta iya ɓoye buhu guda ba a gani ba.

Amma irin wannan ƙaryar ba kowa ake yi wa ba, sai wanda gari ya riga ya sallama wa. Kumazo kuwa an sallama masa. In uwa tana faɗa da ɗanta a kan ya lashi miya a tukunya, sunan Kumazo take kira. Shi kuma duk lokacin da ya ji ana yabonsa sai wuyansa ya yi ja, ya sunkuyar da kai, mutane su ce dubi kunya irin ta mutanen kirki. Ba kunya ba ce. Bari in faɗi abin da yake.

Kumazo ɗa na huɗu ne a gidan manomin da gonarsa ba ta fi tabarma goma ba, don haka yana da shekara goma sha biyu aka kai shi koyon sana'a wurin Tomekici, babban mai sayar da shinkafa na bakin gada. A can ya koyi ɗaukar buhu, da tankaɗe, da korar ɓera. Ya kuma koyi zubi biyu, wanda shi ne ainihin sana'ar.

Na farko zubin saye. In manomi ya kawo kayansa, sai ka ɗaga hannu sama ka sako shinkafar da ƙarfi cikin mudun katako mai kusurwa huɗu, gwiwarka ta ɗan taɓa mudun kamar ba da gangan ba, shinkafar ta zauna daram, sannan ka ja sandar shafe baki a hankali. Na biyu zubin sayarwa. Nan hannu ƙasa yake yi, shinkafar ta gangara ta gefen katako sannu-sannu kamar ana kwantar da jariri, sanda kuma ta wuce kamar walƙiya kafin ƙwayoyin su farga. Mudu ya cika fal a ido, amma cikinsa iska ce ke zaman haya. Tsakanin zubin nan biyu akwai kaurin yatsa guda. Shekara uku Tomekici yana dukan yatsun Kumazo da sandar shafe baki, har hannun ya iya abin shi kaɗai, ko mai shi yana gyangyaɗi.

Da yaƙi ya zo, soja suka duba ƙafar Kumazo ta hagu, wadda ta gaza 'yar uwarta tsawo, suka ce ya koma gida. Gwamnati ta karɓe harkar shinkafa, ta yanka farashi, ta ba kowane gida littafin rabo. Aka mayar da shagon Tomekici rumfar rabo, aka sallami tsohon ya je ya yi ta ba furanni ruwa yana zagin duniya. Kumazo aka bar wa mudu. Saye ya ƙare, don haka zubi ɗaya ya rage wa hannunsa. Buhu a kan sikeli yake shigowa, a mudu yake fita, kuma in layi ya watse sai a tarar da ɗan abu a gindin buhu wanda babu takardar da ta san da zamansa. Tafi ɗaya, wata rana biyu. Kumazo ya riƙa juye shi a ɗamarar da yake naɗe ciki da ita, ya tafi gida yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Gidansa a lokacin baki tara ne.

Bai taɓa sayar da ƙwaya ɗaya a kasuwar bayan fage ba. Bai taɓa ƙara wa matar ɗan sanda ba, bai taɓa rage wa wanda suka yi faɗa ba. Adalcinsa na gaske ne, kowa daidai yake cuta. Gari ya ga daidai ɗin, bai ga cutar ba.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya manta kamar yadda kowa ya manta abin da ya yi a shekarun nan. Amma a hunturun farko bayan yaƙi rabo ya yi kwana ashirin bai zo ba, mutane suna cin ganyen dankali da dusar wake. A cikin kwanakin ne Isaburo mai sassaƙa takalman katako ya mutu, kuma a safiyar ce shinkafa ta iso. Matarsa, tsohuwa Oshige, ta shiga layi da ɗan ƙyallenta. Rabonta ƙaramin mudu ɗaya ne tak. Da ta iso gaban Kumazo ta gaya masa a hankali cewa ba ci za ta yi ba, ta kwanon mamaci ce, wadda ake dafawa a tula a kwanonsa a ajiye masa daidai kai. Kumazo ya ce wa kansa yau kam zubin saye zai yi. Har ya ɗaga hannu. Sai wata daga baya ta yi masa magana, ya juya ya amsa, kafin ya dawo da ido sanda ta riga ta wuce, Oshige tana ɗaure ƙyalle tana godiya.

Da yamma ya je gaisuwa. Ga kwanon daidai kan Isaburo, an soka tsinkayen cin abinci a tsakiya kamar yadda ake yi. Kwanon mamaci tozo yake yi kamar dutse. Wannan kuwa a kwance yake, gefe ɗaya ya faɗa, tsinkayen sun karkace don ba su samu abin riƙe su ba. Kumazo ya kunna turare, ya sunkuya, ya fita bai sha shayin da aka zuba masa ba.

Ya yi alkawarin ya daina, ya kuma daina, kwana goma sha ɗaya. A na goma sha biyu 'yar autarsa ta wuni tana kukan yunwa, hannu ya koma gidan jiya. Tun daga nan ya bar bi ta ƙofar Oshige in tana zaune a waje, sai ya zagaya ta bayan haikali da gajeriyar ƙafarsa. In ƙanƙara ta sauka kuma, shi ne ke share mata hanya da sassafe kafin ta buɗe ƙofa. Ta gane shi ne, ta bi gari tana ba da labari, sunansa ya ƙara hawa, shi kuma ya ƙara ramewa.

Shekara shida da ƙarewar yaƙi jaridu suka fara cewa gwamnati na tunanin cire hannunta daga shinkafa, kowa ya saya ya sayar yadda ya ga dama. Nagisawa ta rabu biyu. A gidan wanka na unguwa maza suka riƙa musu tsirara har ruwa ya huce. Manoma suka ce sun gaji da ma'aikatan gwamnati masu shiga rumbu suna caka sanda a ƙarƙashin dabe, ana karɓar guminsu a farashin da bai sayen lauje. Ma'aikatan masaƙa suka ce in aka saki farashi albashinsu ba zai kai goma ga wata ba. Mata suka tuna lokacin da aka saki kifi da ganye jim kaɗan bayan ƙarewar yaƙi, kabeji ɗaya ya koma kamar za a sayi akuya, kuma kowace tana iya lissafa rigunanta na ado, kimono, guda nawa suka tafi ƙauye suka dawo a matsayin dankali. Wanzami ya aske wa wani mutum rabin fuska, da ya ji ra'ayinsa ya ce ya je kasuwa mai 'yanci ta ƙarasa masa. Tomekici kuwa, mai shekara saba'in da ɗoriya, ya watsar da furanni ya sa an wanke tsohon allon shagonsa.

Aka sa ranar Lahadi a yi taro a zauren haikali, a ji kowa, sannan a aika takarda babban birni. Ana saura kwana uku, Uwargida Hatsuno shugabar matan gida, tsohuwar malamar makaranta wadda in ta yi tari a bakin gada ake miƙe zama a tasha, ta zo gidan Kumazo. Ba ta tambaye shi ba, sanar da shi ta yi. Zai zo da mudunsa da sandarsa, ya auna shinkafa a gaban jama'a, a ga hannun da ya ciyar da gari daidai wa daida shekara goma. Sunansa ne zai zo farko a takardar neman a ci gaba da rabo. Tsohuwa Oshige kuma za a zaunar da ita a gaba, shaida ce cewa rabo ya raya marasa kowa.

Kumazo ya ce shi bai iya magana ba. Ta ce ba bakinsa ake so ba. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta ce za a ba shi matashi.

Abin da ya fi damunsa shi ne a ransa yana tare da matan. Ya san in ba don littafin rabo ba, da rabin unguwarsu suna maƙabarta. Ya kuma san cewa a kwandon nan da ya ɗauki garin akwai huda, kuma shi ne hudar. In ya auna na gaskiya ranar Lahadi, ya yi wa Oshige ƙarya ido da ido. In ya auna irin na kullum kuma wani ya gane, sunansa ya tafi, aikinsa ya bi bayansa.

Kuma akwai mai ganewa. Washegari Tomekici ya biyo ta rumfa yana dogara sanda, ya tsaya ya kalli Kumazo yana awo har mutum biyar, sannan ya yi murmushi ya ce ashe dukan da ya yi bai tafi a banza ba. Ya ce zai zo da wuri ranar Lahadi don ya samu wuri a gaba, idonsa ba kamar da ba.

Otake ba ta ga abin wahala a ciki ba. "Baban yara," ta ce, "rana ɗaya ce fa. Ka zuba da ƙarfi, ka buga gwiwa, a tafa, mu dawo gida. Kai kaɗai ne ka yi wani abu a lokacin yaƙi? Ita Hatsuno ɗin da ka gani, buhun shinkafa ta goya a jirgin ƙasa ta sa masa hular jariri don kada 'yan sanda su gane."

"Ita ba a sa sunanta a bakin yara."

"To ka kashe kanka saboda yara."

Ya ɗauki mudu ya zagaya bayan gida ya gwada. Wuni guda yana yi. In ya zuba wa hannun ido, sai ya yi zubin saye tsaf. Da ya ɗaga kai, ko tsuntsu ya gifta, sai hannun ya sulale ƙasa kamar kare da ya san hanyar gida.

Ranar Lahadi zaure ya cika har baranda, takalma a ƙofa sun yi tsibi. Manoma a hagu, mata a dama, limamin haikali a tsakiya yana fatan kada a fasa masa ƙofofin takarda. Aka yi awa biyu ana jifan juna da magana. Wani manomi ya ce wa matan su zo su shiga taɓo watan shida in suna son shinkafa mai arha, wata ta ce masa ya fara dawo mata da kimonon aurenta da matarsa ke zuwa biki da shi. Sannan Hatsuno ta yi tari, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo kwando, aka kira Kumazo.

Ya durƙusa. Oshige tana gabansa, ba ta fi taku biyu ba, ta ƙara ƙanƙancewa, tana yi masa murmushi. Tomekici yana gefenta, haɓa a kan sanda. Kumazo ya ɗebi shinkafa da niyyar zubin saye. Ya kalli tsohuwar, kallo ɗaya, da ya dawo da ido mudu ya cika, sanda ta wuce. Mata suka tafa. Hatsuno ta ce a duba, ba tozo ba rami, haka kowa ke samu ko attajiri ko matalauci.

Tomekici bai ce komai ba. Wataƙila yana jiran tafin ya lafa, wataƙila dama ba zai ce ba, wannan babu wanda zai sani. Kumazo dai bai jira ba. Ya sa yatsa biyu ya bubbugi gefen mudun sau uku. Shinkafar ta nutse, katako ya bayyana kaurin yatsa a zagaye.

Masu tafi suka sauke hannu.

"Haka nake auna muku," in ji Kumazo. "Shekara goma. Abin da ya ragu gidana yake tafiya." Ya juya ga Oshige ya kai goshi tabarma. "Gwaggo, har ranar da Isaburo ya rasu. Kin gaya mini ta kwanonsa ce, na ji, kuma na rage. Na zo na ga kwanon."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Murmushin ya tafi.

"Ɗago, Kumazo," ta ce. "Wannan kwanon ba kai kaɗai ba ne. Da na sauke tukunya na ji ƙamshin, kwana ashirin ban ga shinkafa ba. Loma biyu na ci a tsaye a bayan ƙofa kafin in kai masa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kullum da safe sai na ba shi haƙuri." Ta gyara zama. "Kwanon mu raba. Sauran shekarun kuwa naka ne, ba zan taya ka ɗauka ba. Kuma ka bar share mini hanya. Na ɗauka don ni kake yi."

Wannan ta ƙarshe ita ce ta shige shi. Ya gaya wa Otake daga baya cewa da ta kwaɗa masa mudun a ka, da ya fi masa sauƙi.

Daga nan taro ya rikice. Tomekici ya miƙe ya ce to ga rabon gwamnati nan kowa ya gani, in kasuwa a sake take, wanda ya rage maka awo sai ka koma shago na gaba. Wata mata daga baya ta tambaye shi a makarantar wa Kumazo ya koyi wannan zubi, kuma shago na gaban na ƙanin wa ne. Hatsuno, wadda fuskarta ta koma kamar an shafa mata gari, ta ce abin da aka gani dalili ne na a ƙara sa ido, ba na a watsar ba. Kowane ɓangare ya ɗauki Kumazo ya yi sanda da shi ya doki ɗaya ɓangaren, shi kuwa yana durƙushe a tsakiya babu mai kallonsa. Daga ƙarshe takarda biyu aka aika babban birni maimakon ɗaya, kuma babu sunansa a ko ɗaya.

Rabo bai tashi a wannan shekarar ba. Kumazo ne ya tashi daga kan mudu. Ba a kai shi gaban hukuma ba, don da an fara tono da zauren haikali bai ɗauki masu laifi ba, amma aka mayar da shi ɗaukar buhu da ɗinke su, aikin da ya fara da shi yana yaro. Matan Nagisawa kuma suka samu sabuwar ɗabi'a: kowace ta zo rabo sai ta bubbugi mudu sau uku kafin a shafe baki. A hanya ana gaishe shi, amma sunkuyon ya ragu da kaurin yatsa, kuma shi mai awo ne, yana lura. Da ƙanƙara ta sauka a hunturun nan ya tsaya a ƙofarsa da shebur yana kallon tsohuwa Oshige tana share hanyarta da kanta, bai matsa ba, don an hana shi.

Ni na ga mutumin yana neman ya bushe a tsaye, kuma aikin abokin wasa ne ya tsokana. Na same shi wata rana da hantsi a tsakar gida yana ɗinkin buhu, na zauna a kan ɗaya. Na ce Yaya mai hannun auduga, na zo aron hannun nan ne, ina da baƙi ranar Asabar kuma giyar kwalba ɗaya ce. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na ce labarinsa zan rubuta, duk da aji huɗu na tsaya, kuma zan ce shinkafar da ya kwasa in aka tara ta za ta tare wa Nagisawa rana, jiragen sama su riƙa kauce mata. Na ce abin da ban gane ba shi ne yadda mutum zai ci rabon gari guda shekara goma ya tashi kamar tsinken tsintsiya, ina ya kai ta?

Ya ja zaren ya cije shi da haƙori, bai ɗago ba.

"Senkici," ya ce, "shekara biyu ka yi a gidan nan bayan an ƙone muku unguwa a birni, kullum kwano biyu, har kana cewa Otake ta cika ruwa. Ba ka taɓa tambayar daga ina take fitowa ba. In za ka rubuta, ka rubuta daidai: hannun nawa ne, cikin naka ne. Tashi mini daga kan buhu."